Ruwan kwata ya share Klebsiella a faranti, amma da na sirka shi ban ga komai ba

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu, fannin nazarin ƙananan halittu. Aikina shi ne nemo fej, wato bairas ɗin da ke cin bakteriya, daga ruwan kwata a Kano, in gwada su a kan Klebsiella pneumoniae mai jure magani da aka samo daga fitsarin marasa lafiya. Na ɗiga ruwan da na tace a kan shimfiɗar bakteriyar, wurin ya share tas. Da na sirka shi na zuba da aga mai laushi, wato sinadarin da ke daskarar da abincin bakteriya a faranti, ko tabo ɗaya ban gani ba. Wasu samfuran ma ko sharewar farko ba sa yi. Na sami fej ko ban samu ba? Kuma daga ina matsalar take?

Amsa: Malama, ba ki samu ba tukuna, kuma kada ki rubuta a kundinki cewa kin samu. Sharewar wurin da aka ɗiga ruwa tana nuna akwai abin da ya hana bakteriya tsiro a nan, amma ba ta faɗi ko mene ne ba. Shaidar fej ita ce idan aka yi ta sirka ruwan, babban filin nan ya watse ya zama ƙananan tabo ɗai-ɗai da ake iya ƙirgawa, waɗanda ake kira filak, kuma yawansu ya riƙa raguwa ninki goma duk sanda aka ƙara sirki ninki goma. Kowane filak daga ƙwayar fej ɗaya ya faro. Ta shiga bakteriya ɗaya, ta hayayyafa a cikinta, ta fasa ta, 'ya'yan suka kama na kusa, aka yi ta haka har wurin ya kai girman da ido zai gani. Abin da ba ya haihuwa ba zai iya wannan ba. Shi dushewa yake yi: ɗigon farko ya share, na biyu ya yi hazo, na uku babu alama, ba tare da an ga filak a tsakani ba.

Abubuwan da ke share faranti ba fej ba ne suna da yawa a ruwan kwata. Akwai ragowar magunguna da sinadaran wanke-wanke, musamman a ruwan da ya fito daga asibiti. Akwai gubar da bakteriya ke fitarwa don kashe 'yan uwanta na kusa, wato bakteriyosin. Klebsiella da E. coli duk suna yin ta, kuma idan kin raini samfurin, wato kin bar shi ya kwana a romo da bakteriyarki don fej ya yawaita, ba tare da kin fara tace shi ba, duk bakteriyar kwatar ta kwana tana zuba tata a romon. Sai kulorofom, idan kin sa shi don kashe bakteriya: ɗan abin da ya rage a ruwan ya isa ya ƙone wurin da aka ɗiga. Akwai kuma lokacin da fej ɗin na nan da gaske, amma ba na wannan bakteriyar ba ne. Idan suka yi mata taron dangi da yawa suka manne a jikinta, suna iya kashe ta ba tare da sun hayayyafa a ciki ba. Wannan ya fi faruwa idan an raini fej da bakteriya guda sannan aka gwada shi a kan wata.

Gwajin da zai raba miki gardama ba shi da tsada. Ki ɗauki maikurolita 100 na tataccen ruwan nan da ya share faranti, ki zuba a mililita 10 na sabon romon LB, abincin rainon bakteriya, mai ɗauke da bakteriyarki tana cikin ganiyar girma, ki bar shi ya kwana, ki juya a santirifuj, na'urar da ke kwantar da ƙwayoyi a gindin bututu, ki tace, ki sake ɗigawa. Ki maimaita sau biyu. Sinadari da guba sirkewa suke yi a kowane zagaye har su ɓace. Fej kuwa ƙaruwa yake yi. Idan bayan zagaye na biyu ɗigon ya daina share komai, ki ajiye wannan samfurin ki nemi wani.

Idan kuma sharewar ta ƙara ƙarfi amma har yanzu babu filak, to fej na nan, farantin ne ba ya nuna shi. A nan ne yawancin ɗalibai ke asarar watanni, don haka bari in tsaya a kai.

Farantin hawa biyu ne: aga mai tauri a ƙasa, mai laushi ɗauke da bakteriya da fej a sama. Aga ta ƙasa kashi 1.5 cikin ɗari ce, wannan babu saɓani. Ta sama ita ce abin lura. Littattafai da yawa suna cewa 0.7, amma ga fej ɗin da ba a san shi ba, 0.7 ta yi kauri, domin manyan ƙwayoyi ba sa iya ratsa ta su kai ga bakteriyar gaba. Ki sauka zuwa 0.4, in ya ƙi ki gwada 0.3, ko ki yi amfani da agaros, wato tatacciyar aga, a maimakon aga. Akwai manyan fej da jinom ɗinsu, wato dukan DNA ɗinsu, ya haura harafi 200,000, irin su phiKZ na Pseudomonas mai kimanin 280,000. Waɗannan a aga mai kauri filak ɗinsu bai wuce tsinin allura ba, ko ma kada ya fito sam. Farantin 0.3 ba a kifa shi sai ya daskare sosai, ki ba shi aƙalla minti 30 a kan tebur mai daidaito.

Zafin agar sama ya tsaya tsakanin digiri 45 zuwa 48 a tukunyar ruwan ɗumi, da ma'aunin zafi a ciki, ba da ƙiyasin hannu ba. Idan ta haura 50 za ta kashe wani ɓangare na bakteriyar, shimfiɗar ta fito da ɗigo-ɗigo, ɗalibi ya ɗauka filak ne. Idan ta sauka ƙasa da 42 za ta fara daskarewa kafin ta bazu, ta fito kamar kunun da ya yi gudaji. A lokacin hunturu wannan ya fi yawa, domin farantin da aka fito da shi daga firij da asuba yana daskarar da aga nan take. Ki fito da farantai awa guda kafin aiki, ki busar da raɓar da ke kansu, don ruwan da ya kwanta a sama yana kwashe fej ya shafe faranti duka, filak su haɗe su zama fili ɗaya.

Yadda ake haɗawa: maikurolita 100 na sirkakken ruwan fej da maikurolita 100 zuwa 200 na bakteriya a bututu ɗaya, a bar su minti 10 zuwa 15 su manne, a zuba aga mai laushi mililita 3 zuwa 4, a murza bututun tsakanin tafuka sau biyu ba tare da kumfa ba, a juye a faranti. Bakteriyar ta zama matashiya, wadda aka ɗebo daga romon da ya kwana aka sabunta na awa 2 zuwa 3, duhunta a na'ura ya kai 0.4 zuwa 0.6 a tsawon haske 600. Yawancin fej ba sa hayayyafa a bakteriyar da ta daina girma, saboda injinanta suke ara. Kuma kada ki cika ta. Klebsiella tana da kauri da yauƙi, idan ta yi yawa za ta rufe faranti kafin fej ya yi zagaye uku. Saboda wannan yauƙin ne ma bai kamata ki jira awa 24 kafin ki duba ba. Ki duba a awa 4, da awa 6, da awa 8, kina ɗaga farantin ta gefen haske. Filak da yawa suna fitowa da wuri, kafin safiya bakteriyar ta malalo ta binne su. Ki yi farantai biyu, ɗaya a digiri 37, ɗaya a 28 zuwa 30, domin fej ɗin da ya saba da ruwan kwata wani lokaci ya fi nuna kansa a zafi mai sauƙi.

Sai gishirin kalsiyam da magniziyam. Fej da yawa ba sa iya mannewa ko tura DNA ɗinsu ciki idan babu su. Ki sa CaCl2 da MgSO4, kowanne milimola 2 zuwa 5, a romo da agar sama. Kalsiyam a dafa shi daban a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, a zuba bayan aga ta huce, in ba haka ba zai haɗu da fosfet ya kwanta. Kada ki yi shimfiɗa a kan agar MacConkey don kawai ita ce a ɗakin gwajin, gishirin ɗaci da rinin da ke cikinta suna dagula aikin. Ruwan sirki kuma SM ne: a lita ɗaya, NaCl giram 5.8, MgSO4 mai ruwa bakwai giram 2, Tris mai mola 1 da pH 7.5 mililita 50, da jelatin mai kashi 2 cikin ɗari mililita 5. Ana sirkawa maikurolita 100 cikin 900, da sabon bakin fifet, abin ɗibar ruwa da awo, a kowane bututu, har zuwa mataki na takwas. Wanda ya yi tsimin bakin fifet ya ja da guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, lissafinsa ya lalace.

Matatar ma tana cin fej. Ki nemi mai PES ko PVDF, waɗanda furotin ba ya manne musu sosai. Ta naitiroselulos tana riƙe bairas. Ramin maikuromita 0.22 yana tsare bakteriya sosai amma yana rage manyan fej, don haka ki raba samfurin biyu, rabi ta 0.22, rabi ta 0.45. Kafin tacewa a juya ruwan minti 10 a ƙarfin 5,000 zuwa 8,000 g, in ba haka ba matatar za ta toshe a mililita biyu na farko, a danna sirinji da ƙarfi ta fashe. Kulorofom kuwa shawarata ki bar shi gaba ɗaya a matakin nema, don yana lalata fej masu kitse a jikinsu da masu siffar zare. Ki kuma tuna cewa tataccen ruwan bai tsarkaka daga cutar mutane ba: bairas na shan inna da na ciwon hanta suna wuce 0.22 cikin sauƙi. Ruwan kwatar Kano ɗin nan ne ake ɗiba tun 2011 don sa ido kan shan inna. Safar hannu, rigar aiki, da otokilef ga duk abin da ya taɓa samfurin.

Yanzu samfuran da ba sa share komai. Dalili na farko bakteriyar da kika zaɓa ce. Klebsiella tana lulluɓe da rigar sukari mai kauri, kuma rigar nan iri-iri ce, an san fiye da iri 70 ta gwajin jini tun da daɗewa, binciken jinom kuma ya ƙaro wasu da yawa. Yawancin fej ɗinta suna ɗauke da sinadarin da ke narkar da riga iri ɗaya ko biyu kacal. Idan kin fita nema da bakteriya ɗaya, sai an yi dace akwai fej mai cin irin rigarta a wannan kwalbar. Ki tara iri 8 zuwa 10 daga marasa lafiya daban-daban, ki raini samfurin da su, ko a kwalba ɗaya ko kowacce da tata, sannan ki ɗiga sakamakon a kan kowacce ita kaɗai. Ki kuma daina dasa bakteriyar daga faranti zuwa faranti mako bayan mako, domin tana iya zubar da rigar, wadda kike aiki da ita a wata na uku ta zama ba wadda aka ba ki ba ce. A ajiye asalinta a gilisarol kashi 20 cikin ɗari a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili, inda babu kuma a soka ta cikin aga a ƙaramar kwalba mai murfi.

Dalili na biyu wurin ɗiba. Fej yana inda mai masaukinsa yake da yawa. Kwatocin unguwanni masu cunkoso da ke gangarawa Jakara, ruwan wankin tumbi da hanji a mayanka, da ruwan bayan gida na asibiti kafin a sa masa kulorin, da izinin hukumar asibitin, su ne wuraren da suka dace. Magudanan masana'antun fata na Challawa da Sharada da Bompai ba wurin farawa ba ne, ruwansu na ɗauke da kuromiyam da salfaid da tokar jima, kuma shi ne irin ruwan da zai share miki faranti ba tare da fej ba. Ki ɗebo da ɗan laka, ba ruwan sama kaɗai da rana ta gasa ba, tunda hasken rana yana lalata DNA ɗin fej. Kada ki ɗiba washegarin ruwan sama mai ƙarfi, komai ya sirke. Mililita 100 zuwa 500 a dafaffiyar kwalba, cikin kula da ƙanƙara, a fara aiki a ranar ko cikin awa 24.

Rainon kansa: tataccen samfur mililita 10, romon LB mai ninki biyu mililita 10, gishirin kalsiyam da magniziyam ɗin nan, bakteriya maikurolita 100 zuwa 200, a kwalba mai faɗin da iska za ta shiga, ana girgizawa 120 zuwa 150 a minti, awa 18 zuwa 24. Idan fej ɗin ya yi ƙaranci, ki ƙara samfurin: mililita 45 da romo mai ninki goma mililita 5.

Duk wannan ba ya tsayuwa sai da farantan shaida. Ɗaya shimfiɗa zalla ba a ɗiga komai ba. Ɗaya tataccen ruwa a kan aga ba bakteriya, don a ga ko matata ta yi yoyo. Ɗaya bakteriyarki da aka raina ita kaɗai ba samfur, aka tace aka ɗiga, domin Klebsiella ta asibiti kan zo da fej kwance a cikin jinom ɗinta, ya farka ya ba ki filak, ki ɗauka daga kwata ya zo. Na ƙarshe shi ne wanda zai gaya miki ko hannunki ne: ki yi dukan aikin da E. coli ta ɗakin gwaji, irin B ko C ko K-12. Ruwan kwatar gari cike yake da fej ɗinta. Idan ko ita ba ta ba ki filak ba, matsalar tana cikin aga ko matata ko zafi, ba a Klebsiella ba.

Ranar da filak suka fito, ki zaɓi guda da ya ware daga sauran, ki soke shi da bakin fifet, ki jiƙa a SM maikurolita 500 na awa 2 ko ya kwana a firij, ki tace, ki sirka, ki sake zubawa. Sau uku aƙalla, har duk filak ɗin faranti su zama kama ɗaya. Ki rubuta faɗinsa da milimita, ko tas yake ko da hazo, da ko yana da da'ira mai dishi-dishi a kewaye wadda ke faɗaɗa kwana bayan kwana. Da'irar nan aikin sinadarin narkar da riga ce, kuma a Klebsiella alama ce mai kyau. Lissafin yawa: a ƙirga farantin da ke da filak 30 zuwa 300, a raba da sirkin da adadin da aka zuba. Misali filak 87 daga sirki na shida, an zuba mililita 0.1, ya ba da miliyan 870 a kowace mililita. Ajiya a firij a digiri 4 cikin SM tana riƙe yawancin fej masu wutsiya watanni da yawa. Firizar gida da ake ɗauke wa wuta ita ce mafi muni, daskarewa da narkewa suna karya wutsiyar. Ki raba ajiyar a firij biyu, ki sake auna yawan duk bayan wata biyu ko uku.

Akwai abubuwa biyu da za su taso a ranar kare kundi. Na farko, gwajin DNA na 16S, wanda ake tantance bakteriya da shi, ba ya gano fej. Wannan alama ce ta bakteriya, bairas ba su da wani sashen DNA guda da dukansu suka yi tarayya a kai, don haka sai an karanta jinom ɗin dungurungum. Ana bukatar kimanin biliyan 1 a mililita, a fara sa DNase da RNase don cinye ragowar na bakteriya, sannan a fasa kan fej ɗin da EDTA da proteinase K da SDS a digiri 56. Kuma sunayen Myoviridae da Siphoviridae da Podoviridae da ke cikin tsofaffin takardu, kwamitin duniya mai raba bairas aji-aji ya soke su a matsayin iyalai, masu wutsiya yanzu suna ƙarƙashin Caudoviricetes.

Na biyu ya fi nauyi. Idan taken kundinki ya ce kina nazarin ire-iren fej da ke ruwan kwatar Kano, hanyar raino ba za ta ɗauki wannan da'awar ba. Raino yana fifita mai saurin haihuwa, wanda ya fi sauri ya mamaye kwalbar cikin dare ɗaya, sauran su ɓace. Kuma faranti ba ya nuna komai sai mai cin bakteriyar da kika shimfiɗa. Fej ɗin da ake kira crAssphage yana cikin waɗanda suka fi yawa a hanjin ɗan Adam, amma ba a san da shi ba sai 2014, lokacin da Bas Dutilh da Robert Edwards da abokan aikinsu suka tsamo shi daga tarin DNA na bayan gida ta kwamfuta. Sai 2018 aka iya rainon ɗan gidansu a Cork ta ƙasar Ayalan, a kan Bacteroides intestinalis, bakteriyar da ba ta son iska. Kusan shekara ɗari bayan Twort a 1915 da d'Hérelle a 1917, waɗanda suka fara gano fej, ana ta zuba ruwan kwata a faranti ba a gan shi ba. Ko ki gyara taken ya zama nemo fej masu cin Klebsiella, ko ki ƙara zubawa kai tsaye ba raino, bayan tattara bairas ɗin da sinadarin PEG 8000 kashi 10 cikin ɗari da NaCl a sanyi.

Batun magani kuma a yi hattara da alƙalami. Gaskiya ne an ceci wani majiyyaci mai suna Tom Patterson da fej a San Diego a 2016 daga bakteriyar Acinetobacter baumannii, kuma ɗaya daga fej ukun da aka bai wa wata yarinya a Landan, aka buga labarin a 2019, daga ruɓaɓɓen yalo aka samo shi a Durban. Amma filak mai hazo a tsakiya yakan nuna fej mai kwanciya cikin jinom, kuma irinsa na iya kai wa bakteriya makami. Gubar kwalara kanta fej ne ke ɗauke da ita, kamar yadda Waldor da Mekalanos suka nuna a 1996, haka ma gubar Shiga ta E. coli O157. Sai jinom ya nuna babu integires, sinadarin da fej ke kwanciya da shi cikin jinom ɗin bakteriya, babu guba, babu sashen jure magani, kafin a ce fej ya cancanci a yi tunaninsa. Ruwan da kika tace kuma cike yake da gubar ɓawon Klebsiella, ba abin da za a kai kusa da majiyyaci ba ne.

Idan kin bar farantin da ya share ya kai awa 48, za ki ga 'yan tsiro sun fito a tsakiyar filin. Kada ki zubar. Ki ɗauki 5 zuwa 10, ki tsarkake su, ki duba ko sun rasa yauƙinsu. Sau da yawa Klebsiella tana tsira daga fej ne ta hanyar zubar da rigarta, kuma marar riga ta fi sauƙin kamuwa ga garkuwar jiki. Ki sake yi musu gwajin magunguna ki kwatanta da uwar, sannan ki koma kwata da su a matsayin sabon mai masauki. Fej ɗin da za ki samu a wannan zagayen ba ta riga yake kamu ba, ta furotin ko sukarin da ke ƙarƙashinta ne, kuma shi ne wanda ya dace a haɗa da na farko a gwada su tare a romo, ana auna duhun kowace awa har awa 24.